Babi na Shida: Zabira da Alƙalami

Duk wanda ya ratsa Tsibirin Gobir ya dubi fuskokin dattawan da ke zama a ƙofar fada, ya riga ya ga aikin wanzami ko da bai ga wanzamin ba. Tsage ne da suka taso daga gefen baki suka bazu zuwa wajen kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. An yi su tun mai su yana jinjiri, yana tsala kuka yana wutsil-wutsil a cinyar wata tsohuwa, amma ga shi bayan shekara saba'in layukan suna nan reras, babu wanda ya hau kan ɗan'uwansa. Hannun da ya ja su ya san yadda kunci zai buɗe in yaro ya girma, ya san iya zurfin da aska za ta shiga tsaga ta zauna ba tare da ta yi ɓarna ba. Wannan ilimi ne, kuma ba a jikin allo aka koye shi ba.

Shi kansa garin gudun hijira ne ya haife shi. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka yi kusan shekara talatin suna yawo da sarautarsu. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama a fagen fama tare da Rauda, Sarkin Katsina na Maraɗi. Bayan nan ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya tattara waɗanda suka rage ya kafa Tsibiri a bakin gulbi, dab da Katsinawan Maraɗi. A zamanin da ake iya kama mutum a gonarsa a sayar da shi a kasuwar da bai taɓa jin sunanta ba, tsagar fuska ita ce shaidar asalinsa. Sarakunan nan an rubuta tarihinsu, makaɗa kuma sun riƙe sunayensu. Mutumin da ya yi tsagar, ya yi wa 'ya'yan sarki kaciya, ya kula da raunukan mayaƙa, shi sai dai a ce "Sarkin Aska" a wuce.

An yi rubutu kan sana'o'inmu, wannan gaskiya ne. Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, ya rubuta wa wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich bayani mai tsawo da ajami kan noma da fatauci da sana'o'in hannu na ƙasar Hausa. A nan kwarin Maraɗi, Guy Nicolas ɗan Faransa ya yi shekaru yana bin Tsibiri da Jiratawa da ƙauyukan da ke tsakani, a 1975 ya fitar da babban littafinsa, inda ya nuna yadda kowane dangi na Anna, masu addinin gargajiya, ke riƙe da gadonsa, wannan noma, wancan halbi, wancan ƙira. Ɗaliban Hausa a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya sun cika kundaye kan wanzanci. Duk aikin kirki ne, ina kuwa ganin girmansa. Sai dai malami ne ko baƙo ko ɗalibi ya tsaya a gefe yana kallo. Mai kallo zai lissafa maka abin da ke cikin zabira, aska da almakashi da ƙaho da 'yar tsaga da hantsaki da dutsen wasa. Abin da ba zai iya faɗa maka ba shi ne abin da yatsa ke ji.

A ɗauki ƙaho. Mutum ya zo yana kukan nauyin jiki da ciwon baya, ya tuɓe riga ya zauna a tabarma ya juya baya. Wanzami zai fara shafa wurin da ruwa, yana dannawa da babban yatsa, yana neman inda zai kafa. Ya ɗora ƙahon sa wanda aka yanke wa tsini, ya kafa baki ya zuƙe iska, sannan ya tura ɗan abin toshi da harshe ya rufe ƙofar, duk a numfashi guda. Ƙaho ya kama, fata ta kumburo a ciki. Bayan ɗan lokaci ya cire, ya ɗauki 'yar tsaga ya yi ƙananan shaushawa a kan tudun da ya taso, da sauri har ba ka iya ƙirgawa, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. In ya ɓalle shi, jini ya fito a dunƙule, ya zazzage a ƙasa ya rufe da rairayi. Wannan kowa ya gani. Amma me ya sa ya kauce wa wancan gefen ya zaɓi wannan? Me ya gani a idon wancan tsoho da ya ce masa, "Baba, yau a haƙura, a ci abinci a huta, a dawo wani sati"? Yaya yake gane cewa ya isa haka, in ya ƙara ƙaho ɗaya mutumin zai yanke jiki? Waɗannan su ne sana'ar, kuma suna cikin kan mutum ɗaya. Aikin yana da daraja tun a Musulunci, don ya tabbata a hadisi cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ƙaho, aka kuma biya shi ladan aikinsa. Malamai sun rubuta hukuncinsa da ranakun da aka fi so a yi shi. Yadda ake yin sa aka bar wa baki da hannu.

Ita zabirar da yake rataye da ita, aikin maƙwabcinsa ne. Ƙasar Maraɗi ƙasar fata ce. Jar akuyarta, wadda Turawa ke kira da sunan garin, 'yar'uwar ta Sakkwato, fatarta ta daɗe tana ƙetare Sahara har kasuwannin Turai suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can take biyowa. Majemi ya jiƙa fata a ruwan toka gashi ya saki, ya karce, ya tsoma a ruwan bagaruwa, ya murza da mai, baduku ya rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko. A nan ma akwai abin da ya wuce lissafi. Mai yin salka ko burgami ba ya tsaga cikin akuya. Ta wuya yake farawa, ya riƙa cusa dunƙulen hannu tsakanin fata da nama yana turawa, har fatar ta zame gaba ɗaya da siffar dabbar, ƙafafu huɗu suna reto. Wuƙa ta kuskure sau ɗaya, salka ta tashi daga aiki, don ba a zuba ruwa a abu mai huji.

Daga nan taku ɗaya ne zuwa sana'ar da Turawa suka mayar babba, wato cushen fata: a feɗe tsuntsu ko dabba, a gyara fatar kada ta ruɓe, a cusa mata abu a ɗinke, a tsayar da ita kamar mai rai. Mu ba mu yi ta don ado ba. A ganina ƙyamar mushe da ƙin ajiye siffar abu mai rai a ɗaki sun isa dalili, ga zafi, ga gara. Amma inda bukata ta kama, mun yi. Makiyayi in maraƙi ya mutu uwar ta hana nono, yakan feɗe shi ya cusa ciyawa a fatar ya ajiye gabanta, ta shinshina ta lasa, nono ya sauko. Mahalba kuwa suna da burtu. Akan sassaƙa itace mai lanƙwasa kamar wuyan tsuntsun, a lulluɓe da fata, a ɗora masa ainihin baki da ƙoƙon kan burtu, wani ya manna jajayen 'ya'yan idon zakara don ado, a sa maɗauri. Mahalbi ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya duƙa cikin ciyawa yana tafiya yana kaɗa kai kamar tsuntsu na kiwo. Barewa ta saba da burtu, ba ta gudunsa, sai ta bari har ya zo inda kibiya za ta kai. Wanda ya haɗa wannan ya san tsawon wuyan tsuntsun, ya san yadda yake sunkuyawa, ya san kuma me barewa ke dubawa kafin ta zabura. Yau irin waɗannan burtu suna cikin gilashi a gidajen tarihi na Turai da Amurka, an rubuta sunan ƙabila a ƙarƙashi, ba a cika samun sunan wanda ya yi ba.

A Ingila ta ƙarni na 19, aski da cushen fata sau da yawa a shago ɗaya ake samun su. Ba abin mamaki ba ne: hannu ne da ya saba da kaifi, ya saba da fata da gashi, ga kuma jiran mai zuwa aski da ke barin mutum da lokaci. A gidan mai aski aka haifi Abraham Bartlett a Landan a 1812. Ubansa mai gyaran gashi ne, a wurinsa ya yi koyon sana'a. Kusa da su akwai wani gidan da ake nuna namun daji, mai gidan ya riƙa barin yaron ya ɗauki tsuntsayen da suka mutu ya gwada hannunsa. A 1834 ya ajiye almakashin uba ya buɗe shagon cushen fata. A babban baje-kolin Landan na 1851 ya nuna siffar wani tsuntsu na tsibirin Moris da ya ƙare a duniya tun kusan shekara ɗari biyu kafin nan, ya haɗa ta daga tsofaffin zane da 'yan ƙasusuwan da suka saura. A 1859 aka ba shi riƙon gidan namun daji na Landan, ya riƙe har ya rasu a 1897. Bai yi jami'a ba, amma manyan masana, har da Charles Darwin, sukan zo su tambaye shi halin dabbobi, don shi ya kwana da su ya tashi da su, ya kuma ga cikinsu bayan sun mutu. Yana rubuta abin da ya gani a 'yan takardu yana tarawa. Bayan rasuwarsa ɗansa Edward ya haɗa su littattafai biyu. Da ba don wannan tarin ba, da abin da za mu sani game da shi bai wuce abin da masanan suka ga dama suka ambata ba.

Ita ma wannan sana'a ta sha fama da ɓoyo. Babbar matsalarta ƙwari ne, su cinye fata cikin 'yan shekaru. Wani mai haɗa magunguna a garin Metz na Faransa, Jean-Baptiste Bécœur, ya gano wani haɗin sabulu da guba da kafur da ke hana su, ya kuma ƙi faɗa wa kowa har ya mutu a 1777. Sai wajen 1800 aka buga sirrin a littafi, daga nan gidajen tarihi suka iya ajiye tsuntsu ya shekara ɗari. Da waɗanda ya bar wa haɗin sun bi shi kabari da bakinsu a rufe, shi ke nan.

Mu a nan wannan ɓoyon shi ne babban shinge, kuma ba na raina dalilinsa. Ka tambayi tsohon wanzami a Tsibiri me yake barbaɗawa a kaciya jini ya tsaya, zai yi murmushi ya ce, "Ɗana, wanga abu gado na. Ba a hwaɗi nai a kasuwa." Yana da gaskiyarsa. Asirin nan shi ne gonarsa, da shi yake riƙe gidajen da kakansa ya yi wa aski, waɗanda in an haihu shi za a kira, a ba shi rabonsa na hatsi da nama da kuɗi. Akwai kuma gasa tsakanin wanzamai, kowa na tsoron a karya masa aska ranar taro. Sannan akwai matsayi. An raba aiki tun da daɗewa, alƙalami na malam, aska ta wanzami, wanda ya tsallaka sai a ce ya yi shisshigi. Amma gado yana tafiya ne in akwai magaji. Yaron da a da zai fara da riƙe ƙoƙon ruwa yana ɗan shekara bakwai, yau yana lakwal, ko yana kabu-kabu a Maraɗi, ko ya buɗe shago da injin aski da hotunan 'yan ƙwallo a bango. Ba laifinsa ba ne, abinci yake nema. Tsohon da ya rasu bai sami wanda ya zauna kusa da shi ba, abin da ya sani ya tafi.

Akwai wani dalili da ya fi wannan nauyi a wurina. Cikin zabira akwai alheri, akwai kuma abin da ya kamata a bari, kuma muddin komai na cikin duhu ba a iya tankaɗewa. Ambroise Paré wanzami ne a Faransa, irin masu aski da ƙaho da ɗinkin rauni, likitocin jami'a suna yi musu kallon ƙasa-ƙasa. A 1537 ya bi rundunar yaƙi zuwa Italiya. A lokacin an yarda cewa harbin bindiga dafi ne, maganinsa a kwarara tafasasshen mai cikin raunin. Wata rana mai ya ƙare masa, ya haɗa gwaiduwar ƙwai da man fure da wani ruwan ƙaro ya shafa wa sauran. Da gari ya waye ya tarar waɗanda bai ƙona ba sun yi barci, waɗanda ya ƙona suna ta zazzaɓi da kumburi. Bai mayar da abin asirin gidansu ba. A 1545 ya buga littafi, da Faransancin da kowa ke ji, don bai iya Latin ba, harshen malaman lokacin. Daga baya ya koma ɗaure jijiyar jini a maimakon lalas da ƙarfe mai zafi. Malaman likitanci na Paris sun yi ƙoƙarin hana littattafansa fita, amma sarakuna huɗu ya yi wa aiki kafin ya rasu a 1590, kuma abin da ya rubuta ya sa aka daina azabtar da dubban mutane.

Muna bukatar irin wannan daga cikin gida. Cire belu ga jariri ɗan kwana kaɗan yana jawo zubar jini, wani ya kasa shan nono, wani ya tafi ke nan. Cire angurya da yankan gishiri sun lalata rayuwar mata da yawa, wasu har yoyon fitsari. Aska ɗaya a kan mutum goma hanya ce ta ciwon hanta da sida. A 2003 Nijar ta yi dokar hukunta kaciyar mata, a 2003 ɗin kuma Nijeriya ta sa hana tsaga a jikin yaro cikin dokar kare haƙƙin yara. Doka ta yi nata, ma'aikatan lafiya suna nasu, kuma an ga canji: yanzu mai zuwa aski kan sayi sabuwar reza ya miƙa da hannunsa. Amma tsohuwar da ta rantse belu ne ke hana jikanta ƙiba ba takardar gwamnati za ta saurara ba. Wanda za ta saurara shi ne wanzamin gidansu, ranar da ya ce mata, "Inna, na yi wannan aiki shekara da shekaru, na ga waɗanda suka tashi, na ga waɗanda ba su tashi ba, na bari." An ce wanzami ba ya son jarfa, kuma faɗin irin wannan magana jarfa ce a jikinsa. Wanda ya daure ya faɗa, ya kuma sa a takarda da sunansa, ya yi wa sana'ar gata, don zai raba ta da abin da ake zaginta da shi ya bar mata aski da ƙaho da kaciyar maza mai tsabta.

Kuma ba sana'a kaɗai wanzami zai rubuta ba. Wa ya kai shi sanin gari? Yana shiga gidan sarki da na talaka, yana nan ranar suna, kan kowa ya sunkuya a gabansa, kuma mutum in ana yi masa aski bakinsa kan saki. A birnin Dimashƙa ta ƙasar Sham an yi wani wanzami, Ahmad ibn Budair, wanda ya rubuta abin da ke faruwa a garinsu daga 1741 zuwa 1762. Malaman zamaninsa suna rubuta tarihin malamai da masu mulki. Shi kuwa ya rubuta farashin burodi da nama, da yadda manya ke ɓoye alkama talaka na yunwa, da harin da aka kai wa ayarin alhazai a 1757, da girgizar ƙasa ta 1759, da tsegumin unguwa. A yau mai son ya san yadda talakan Dimashƙa ya rayu a wancan ƙarni, wurin wanzamin nan yake zuwa. A ce wani a cikin masu aska na Maraɗi ya yi haka a 1945, shekarar da gulbi ya cinye tsohon gari aka hau tudu, ko a yunwar 1984, da muna da abin da rahoton kwamanda da na gwamnati ba su ɗauka ba: wa ya rasa me, nawa ake sayar da tiyar hatsi, wane gida ne ya ciyar da maƙwabta.

Hanyar a buɗe take. Wanzamai da yawa sun yi makarantar allo, suna iya ajami, wasunsu da shi suke rubuta laƙanin da suka gada a ɓoye cikin zabira. Wanda bai iya ba yana da waya, yana aika saƙon murya ta WhatsApp kullum. Yana kuma iya samun ɗa ko jika a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da zai zauna ya rubuta daga bakinsa. Ga wannan ɗan nake da jan kunne, daga abin da ya sami littafin Ibn Budair. A ƙarshen ƙarni na 19 wani malamin Dimashƙa, Muhammad Sa'id al-Ƙasimi, ya sami rubutun, ya ga Larabcin na kasuwa ne, sai ya gyara, ya rage, ya goge abin da ya ga bai dace ba. Wannan gyararren shi aka buga a Alƙahira a 1959, shi mutane suka yi ta karantawa. Da aka gano kwafin da bai bi ta hannunsa ba a ɗakin karatu na Chester Beatty a Dublin, wata masaniya, Dana Sajdi, ta gwada su biyun a littafinta na 2013, sai ga shi abin da malamin ya fi sharewa shi ne muryar wanzamin da kansa, inda yake maganar kansa da mutanensa da kukan da yake yi da zamani.

Saboda haka in tsoho ya ce "hwata", a rubuta "hwata". In ya ce "mi ka so", kada a mayar da ita Hausar Kano. In ya kauce daga bayanin ƙaho ya shiga labarin ubangidansa da ya mare shi ranar da ya riƙe aska a karkace, a bar shi ya kai ƙarshe, a rubuta duka. Abin da ya ce kada a fitar, a ajiye masa a gida har ya yarda ko magadansa su yarda. A bangon littafin kuma a sa sunansa da na wanda ya koya masa, sunan mai rubutawa ya biyo a ƙasa.